Sojan ƙarfe ko na roba: wanne ya fi karɓar fenti a Katsina?

Yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan fentin ƙananan sojojin wasan yaƙi na kan tebur, daga bakin mutanen ƙasar sanyi da laima suke fitowa. Manyan kamfanonin sana'ar, irin su Games Workshop da Warlord Games da Perry Miniatures, duk a Nottingham ta Ingila suke, inda kowane irin gam da fenti mutum yake so zai samu a shagon unguwa. Mu a nan hunturu ne da ƙurarsa, sai bazarar da zafi ke haura digiri 40, kuma kayan aikin da hannunmu ke kaiwa gare su su ne na masu fentin mota da masu gyaran waya da kafintoci. Ɗan Katsina ko ɗan Daura da zai zaɓa tsakanin ƙarfe da roba, da waɗannan ya kamata ya auna: wanne zai jure sinadaran da ake samu a kasuwarmu, wanne zai jure yanayinmu, wanne kuma zai iso ba tare da kuɗin aiko ya cinye jarin ba.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum biyu ne ke jera runduna a kan tebur da aka yi wa tuddai da ganuwa da itatuwa, a auna tafiyar kowane rukuni da tef, a jefa ƙwayar ludo don a san harbi ya samu ko ya kuskure. Rundunar Furushiya ta ƙasar Jamus ta karɓi irinsa a 1824 don horar da hafsoshi a kan taswira. Sojan da aka fi yayi yanzu tsayinsa milimita 28 ne, akwai kuma na milimita 15 da na sikelin 1/72, wato kashi ɗaya cikin 72 na tsayin mutum. Ba da launi ake sayar da su ba. Kai za ka haɗa, kai za ka yi fenti, kuma mutane da yawa fentin ya fi musu wasan daɗi.

Ƙarfen da ake zuba su da shi, maganaɗisu ba ya kama shi. Gami ne na kuza, ma'adinin nan da aka daɗe ana haƙa a Jos, da ɗan tagulla ko wasu ma'adinai don ya yi ƙwari. A digiri 232 kuza ke narkewa, shi ya sa zubin ba ya wuya. Na da can dalma ce ta fi yawa a jikinsu. A 1893 kamfanin Britain na Landan ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki. Kamfanonin Amurka sun fara barin dalma a 1993 bayan da jihar New York ta taso musu, Games Workshop kuma ta bari a 1997. Amma har gobe akwai ƙananan kamfanoni da ke sa ta a gaminsu, kuma duk tsohon sojan gwanjo da ka saya a intanet, ka ɗauka kawai tana ciki. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba: a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinare. Sojan da aka rufe da fenti yana ajiye a akwati ba shi ne abin tsoro ba. Garin da magagari ke fitarwa lokacin gyara shi ne abin tsoro, sai kuma ƙaramin yaro mai kai komai baki. In gidan akwai masu rarrafe, ka karanta bayanin kamfani ka tabbatar babu dalma, ka yi gyaran a kan jiƙaƙƙen tsumma, ka wanke hannu kafin ka taɓa abinci.

Ita kuma roba ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne mutane suke sayen abin da ba su nufa ba. Akwai mai tauri, wadda ke zuwa a jikin firam kana yanke hannu da kai da makami kana haɗawa. Ita ce ta Perry da Victrix da Games Workshop, kuma ita nake nufi duk inda na ce roba ban ƙara komai ba. Akwai mai laushi, irin ta sojojin Airfix na 1/72, wadda kake lanƙwasa bindiga ta dawo da kanta. Akwai ta tsakiya mai danƙo-danƙo, dangin robar bututun ruwa, wadda kamfanin Reaper ya yi suna da ita a 2012 kuma ake cika kwalayen wasannin allo da ita. Sai resin, wadda ake zubawa ruwa-ruwa ta daskare a mazubi, mai fitar da zane ƙwarai amma mai saurin karyewa. Halinsu wajen gam da fenti ya sha bamban, har mai laushin nan kusan babu gam ɗin kasuwa da ke riƙe ta da kyau.

Bambancin da buroshi zai ji a hannunka, daga wajen zubi ya samo asali. Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyom ya ga dangin aikin. Mazubin sojan ƙarfe faifai biyu ne na roba mai jure wuta, a haɗa su a sa a inji yana juyawa da gudu, a zuba narkakken ƙarfe ta tsakiya, ƙarfin juyin ya tura shi cikin kowane lungu. Da yake mazubin yana lanƙwasuwa, yana iya sakin zane mai zurfi: ƙarƙashin gemu, ninkin rawani, ramin hannun riga. Na roba kuwa mazubinsa baƙin ƙarfe ne da aka sassaƙa, ba ya motsi, don haka dole duk abin da aka zuba ya fito a miƙe ta fuska ɗaya. Shi ya sa ake yayyanka sojan roba gunduwa-gunduwa, kuma inda ba a yanka ba za ka ga zanen ya yi kyau ta gaba da baya amma ya dushe ta gefe, wajen haƙarƙari da cinya.

Ɗauki ɗan sulke ka gani. A sojan ƙarfe kowane zobe rami ne na gaske. Ka shafa baƙin fenti ko'ina, ya bushe, ka ɗebo ruwan azurfa da tsohon buroshi, ka goge shi a tsumma har ya zama kamar babu komai a jiki, sannan ka riƙa sharar saman sulken a hankali. Zobban za su fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, ramukan su zauna baƙi, cikin minti biyu sulke ya fito. Akwai ma tsohuwar dabarar da ƙarfe kaɗai ke yarda da ita: a bar takobi da kwalkwali ba fenti, a goge su da bayan allura har su ɗauki ido, a zuba musu tsinkakken baƙi ya shiga lunguna, a rufe da banish. Babu fentin azurfar da ke kama wannan ƙyallin. A sojan roba wannan sharar za ta yi aiki a ƙirji, amma da ka zagayo gefe zobban sun zama 'yan layuka marasa zurfi, sai ka zana inuwar da hannunka. Sabbin robobi sun rage wannan matsala sosai, gaskiya ce, kuma a wuri mai faɗi da santsi kamar garkuwa ko jikin tanka roba ta fi ƙarfe tsabta, domin ƙarfe kan fito da 'yan ƙuraje da ramuka. Amma inda zane ya cunkushe, irin gashi da sulke da kayan doki, tsohon ƙarfe yana taimaka wa mai koyo fiye da yadda ake faɗa.

Kafin fenti akwai gyara da haɗi, kuma a nan roba ta yi wa ƙarfe fintinkau. Layin da mazubi ya bari a jikin roba, bayan reza kawai za ka ja a kai ya tafi. Na ƙarfe sai da ƙaramin magagari da samfefa, ga 'yan gashin ƙarfe da ke ɓuya a ƙarƙashin hannu, ba ka ganinsu sai ka sa fentin farko. Dole kuma a wanke shi da sabulu da tsohon buroshin goge baki, saboda hodar da ake barbaɗa wa mazubi tana hana fenti kamawa. Gam ɗin roba, irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, hannun da aka manna da shi ya zauna ke nan. Ƙarfe sai sufagulu, shi kuwa laimar iska ce ke sa shi kamawa. A watan Janairu, iska ta bushe ƙamas, za ka riƙe hannun soja kana ƙirga, ka saki ya faɗo, gam ɗin kuma ya kama yatsanka nan take domin a nan ya sami danshi. Maganin shi ne ka sa ɗigo ɗan mitsitsi a gefe ɗaya, ka yi wa ɗaya gefen huci, sannan ka haɗa. Yawan gam jinkiri yake ƙarawa, tururinsa kuma ya bar farin tabo. Abu mai nauyi kamar mahayi a kan doki ko hannu mai riƙe da tuta, sai an huda ɓangarorin biyu da ɗan abin huji na milimita 1 an sa guntun waya a tsakiya, ko a yi amfani da gam mai haɗi biyu irin Araldite. Soja shida wannan aikin nishaɗi ne. Soja 60 kuwa sai mai haƙuri.

Sai dai fa wancan gam ɗin roba ba a cika samunsa a shagunanmu ba, kuma shi da gwangwanin feshi suna cikin kaya masu kama wuta da masu aiko da kaya ta jirgin sama suke ƙin ɗauka. Sufagulu yana riƙe roba, amma riƙon ba ya kai na wancan, faɗuwa ɗaya hannu ya ɓalle. Fifikon roba wajen haɗi ya dogara ne da kwalba ɗaya da sai ka yi dabara kafin ta shigo hannunka.

Fentin farko, wanda masu fentin mota ke kira firaima, shi ne inda garinmu ya fi juya lissafin. Fentin ruwa na akirilik da ake yi wa sojojin nan, irin Vallejo da Citadel da Army Painter, ba ya kama tsiraicin ƙarfe ko kaɗan, da farce za ka kankare shi. Don haka ƙarfe ba shi da makawa sai da firaima. Abin daɗin shi ne ƙarfe ba ya zaɓe: gwangwanin feshin da ake sayarwa a shagon kayan mota, baƙi ko ruwan toka marar ƙyalli, zai hau shi lafiya lau, domin ai don ƙarfe aka yi shi. Roba ba ta da wannan juriyar. Sinadarin da ke cikin irin wannan gwangwani dangin tina ne, kuma tina narkar da roba take yi. In aka cika feshin, fuskar soja sai ta yi laushi, hanci da ido su shafe, fatar garkuwa ta yamutse, kuma ba a gyara wannan. Mai danƙo-danƙon nan ta fi muni, feshin yakan ƙi bushewa a jikinta, ta yi ta kama yatsa har watanni.

Na kai wa wani dattijo mai fentin mota soja ɗaya a manne a kan murfin kwalba don in ga hannunsa. Ya juya shi a tafinsa ya ce, "Malam, mi ne ne wannan kuma?" Na ce, "Baba, so nake ya yi baƙi ba tare da idonsa ya cike ba." Ya girgiza gwangwanin har ƙwallon ciki ya yi ta ƙara, ya fara fesawa a iska gefe, ya wuce ta kan sojan, bai saki yatsa ba sai da ya fita ɗaya gefen. Ya ce, "Kada ka tsaya mashi wuri guda. Wucewa za ka yi, ka bari ya sha iska, ka sake wucewa. In ka ga ya yi ƙyalli kamar an jiƙa shi, to ka cika mashi." Wucewa uku ya yi, yana juya murfin, kuma har zaren igiyar kwari bai ɓace ba.

Matsalar ita ce busasshiyar iska mai zafi tana busar da feshi tun yana hanya. In ka tsaya nesa, santimita 30 kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwani, fentin zai sauka gari-gari, jikin soja ya yi kaushi kamar an barbaɗa masa yashi. Sai ka matso. To ga ƙarfe matsowar ba ta da wani haɗari sai cika fenti, wanda ma wanke shi za ka yi ka sake. Ga roba kuwa, nesa kaushi, kusa narkewa, tsakanin nan kuma ɗan siriri ne. Wanda zai yi feshi ya yi da sassafe bayan asuba, a inuwa, ranar da iska ta kwanta, ya gwada a kan ragowar firam tukuna, ya kifa kwali a kai da ya gama. Wanda ya zaɓi roba, na fi ba shi shawarar ya sa kwalbar firaima ta shafawa da buroshi a cikin odarsa. Ta ruwa ce, ba ta cin roba, kuma ba ruwanta da iska.

Da zarar firaima ta zauna, buroshi ba ya bambance abin da ke ƙasa. Launin fata iri ɗaya za ka haɗa: ƙasa-ƙasa mai duhu a shimfiɗe, ja-ja kaɗan a goshi da kumatu da karan hanci, kada ka haska da fari domin toka-toka zai koma. Farar riga daga ruwan ƙasa mai haske ake tasowa da ita zuwa fari, a bar duhun a cikin ninki. Abin da ya rage na bambanci ƙanana ne, amma kullum za ka gamu da su. Roba tana tara wutar nan da ke sa riga ta yi ƙyas-ƙyas da hunturu, don haka jan ƙura take yi, sai ka share ta da busasshen buroshi mai laushi kafin kowane shafi. Ƙarfe kuma nauyinsa ke fizge shi daga abin riƙo, sai an manne shi da ɗigon gam a kan murfin kwalba, kuma gumin yatsa a watan Afrilu yana cinye fentin gwiwar hannu da kan takobi tun ba ka gama sojan ba. Dukansu biyu kana bukatar jiƙaƙƙen faranti: robar abinci mai murfi, siririn soso da ya sha ruwa, takardar gashin kek a sama. In ba haka ba, ɗigon fenti yana bushewa kafin ka kai buroshi sau uku.

Bayan an gama, labari ya juya. Sojan ƙarfe nauyinsa ne makashinsa. Kuza ya fi robar nan nauyi kusan sau 7, ga shi fenti a samansa kawai yake zaune bai shiga jiki ba. Biyu su gogi juna a akwati, sai ka ga farin ƙarfe ya leƙo a kan hanci da bakin garkuwa. Ya faɗo daga tebur zuwa siminti, mashi ya lanƙwashe, ka miƙar da shi fentin ya tsattsage. Na roba ya faɗo, sau da yawa tsalle zai yi ka ɗauka ka ci gaba da wasa, in kuma siririn mashi ya karye gam ya mayar. Don haka ƙarfe sai an yi masa banish biyu, mai ƙyalli da fari domin ya fi tauri, sannan marar ƙyalli a sama. Kada a fesa marar ƙyallin nan a tsakiyar damina, irin ranakun Agusta da iska ta cika da laima, domin yakan bushe da farin hazo a kan aikin da ka sha wuya a kai. Rawani ɗan Kura kuwa a bar masa mai ƙyallin, haka shuninsa yake a ido.

In za ka ɗauki runduna daga Katsina zuwa Daura wajen abokin wasa, na roba ka manna ɗan maganaɗisu a ƙarƙashin gindinsu, ka jera a cikin gwangwanin biskit, sun zauna. Na ƙarfe ramin hanya ɗaya zai fizge su daga maganaɗisun su abka wa juna, sai an yanka wa kowanne ɗakinsa a cikin soson katifa. Zafi kuma nasa hukuncin daban. Roba mai tauri sai wajen digiri 100 take sakin jiki, amma resin da mai danƙo-danƙo suna lanƙwashewa a cikin motar da aka rufe a rana. Waɗannan ana miƙar da su da ruwan zafi sannan a tsoma a na sanyi. Ƙarfe ba ruwansa da zafin mota, fentin da ke kansa ne kan yi laushi ya kama soso.

Akwai wata falala ta ƙarfe da na ga ba a ba ta haƙƙinta, wato wankuwa. Sojan farko da kowa ya yi wa fenti ba ya kyau, na goma ma da sauransa. Na ƙarfe ka cire masa gindin roba, ka jefa shi cikin kwalbar gilashi da tina ko ruwan goge jan farce, ka rufe, in an jima ka goge da buroshi, ya dawo fes kamar yau aka zuba shi. Ka maimaita iya son ranka. Na roba ka yi masa haka, curi za ka tarar. Shi sai Dettol, ya kwana a ciki, ka sa safar hannu ka goge, kuma kada ruwa ya taɓa shi sai fentin ya fita duka, in ba haka ba ya zama danƙo ya liƙe a lunguna. Ruwan isofurofil da masu gyaran waya ke wanke allon waya da shi ma yana yi, ya ma fi tsabta. Amma firaimar mota da ta riga ta ci jikin roba ba ta fita da ko ɗaya. A wurin da sabon soja sai ya ƙetaro teku, wanda za ka iya wankewa ka sake koyo a kansa ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen kuɗi ba a ja. Kwalin roba ɗaya na milimita 28 yakan ɗauki dakaru 30 zuwa 40, alhali na ƙarfe shida-shida ake ƙullawa, dawaki uku-uku, kuma in ka raba kuɗin a kan kowane soja na ƙarfe ya fi tsada nesa. Sannan ga awo: rundunar da ta yi rabin kilo a roba, a ƙarfe ta haura kilo 3, kuma da nauyi ake biyan kuɗin aiko, da fam ko dala. Mai laushin nan ta 1/72 ta fi kowa araha, amma araha ba ta ado: bindiga na lanƙwasawa fenti na ɓarewa. Masu amfani da ita suna wanke ta sosai, su shafa mata farin gam na kafintoci irin Top Bond da aka sirka da ruwa kafin fenti, su sake shafawa bayan fenti, sai launin ya zauna a tsakanin fata biyu masu miƙewa. Yana aiki, amma zanen yana raguwa.

Wace runduna ma kake son jerawa? Mazubin baƙin ƙarfe tsada gare shi ƙwarai, kamfani ba ya sassaƙa shi sai ga abin da dubbai za su saya: Rumawa, sojojin Napoleon, Yaƙin Duniya na Biyu. Mazubin sojan ƙarfe kuwa mutum ɗaya ma yana iya yi a bayan gidansa, shi ya sa rundunonin da ba a cika nema ba a ƙarfe ake samunsu. Mai son ya jera yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi na bayan 1807, zamanin su Ɗanbaskore sarkin Maraɗi, ko zuwan sojojin Lugga Kano da Sakkwato a 1903, zai ga kasuwar ba don shi aka kafa ta ba. Abin da ya fi kusa a roba shi ne kwalin Ansar na Mahadin Sudan da Perry ke yi, masu mashi da takobi da garkuwa, sai kuma kwalayen mahaya Larabawa na wasu kamfanoni. Daga nan sai gyara da hannu, kuma a gyara roba ce sarauniya: reza na yanka ta, a ɗauke kan wannan a ɗora wa wancan, a sauya hannu, gam ya haɗe ba tabo. Lifidi, rigar nan ta doki da mahayi da ake cusa wa auduga, da Milliput ake yinsa, wani kwaɓi mai haɗi biyu da ake murzawa kamar yumɓu ya daskare da kansa. Ka murza shi ya yi faɗi da siranta, ka lulluɓa wa dokin daga wuya zuwa gwiwa, ka jiƙa bayan reza ka zana layuka masu gicciye tun bai daskare ba. In ya bushe, kowane gida ka ba shi launinsa, ja da rawaya da shuɗi, kamar yadda 'yan lifida ke fitowa a Ƙofar Soro ranar hawan salla ko a Daura lokacin sallar Gani. Hotunan hawan da ke wayarka sun fi duk wani littafin launi. Mashi kuma, zaren tsintsiyar roba ya fi wanda kamfani ya zuba: ka matse bakinsa da filaya ya yi faɗi, ka yanke shi da tsini, ba ya karyewa ba ya lanƙwashewa. Yin irin wannan tiyata a jikin ƙarfe sai da ɗan zarto da huji da gumi.

Na san akwai mai karatun da tun sama yake tambayar hukuncin mutum-mutumi da na jefa ƙwaya. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da ya shafi zaɓinmu shi ne, wanda ya tsaya a kan abin da ba shi da rai, wato tankoki da jiragen ruwa da na sama da igwa, akwai wasanni da yawa da aka gina a kansu kaɗai, kuma shi muhawarar ta ƙare masa: roba zai saya, domin faffaɗan jiki mai santsi da layi miƙaƙƙe nata ne.

Ni dai in ƙanena ne zai fara, a milimita 28, zan ce ya sayi ƙulli ɗaya ko biyu na ƙarfe marar dalma, ya yi ta fenti yana wankewa da kayan da ke bakin titi har hannunsa ya faɗa. Gangar jikin rundunar, dakarun da za a riƙa damƙa goma-goma ana turawa a tebur, su zama roba mai tauri. Sarkin yaƙi da mai tuta da masu kakaki da algaita, waɗanda ido ke fara sauka a kansu kuma ba a cika taɓa su ba, su zama ƙarfe, a huda su a sa waya, a yi musu banish biyu. Haɗa su a tebur ɗaya ba ya nunawa muddin tsayinsu ya zo ɗaya, kuma ya fi sauƙi in kamfani ɗaya ne ya yi su. Wanda ɗakinsa ƙarami ne, ko yake son ganin ɗaruruwa a fili, ya sauka zuwa milimita 15. A can yawancin na tarihi ƙarfe ne, guda-guda suke zuwa ba haɗi, kuma ƙanƙantarsu ta rage musu nauyin da ke ɓare fenti. Wanda kuma ya san ba shi da hanyar samun gam ɗin roba da firaimar shafawa, ya dakata da sayen kwalin roba har sai ya sami matafiyi ko ɗan kasuwar Kano ko Legas da zai kawo masa su, ya fara da ƙarfen tukuna.